Madanni Biyu a Hannun Jaki

Makiyayi ne ya fara ganinta da safe, a bakin tafkin da ke ƙarshen gona. Saniyar madara ce, baƙa mai farin goshi, wadda mai gonar ta fi ji da ita a duk garken, ga ta da cikin wata bakwai. Rabin jikinta na cikin taɓo, rabi a kan tudu, wuyanta a karye, shatin waya ya zagaye ƙirjinta. Sawun babur ya zo har inda take, ya juya ya koma.

Babur ɗaya ne a gonar ke da irin wannan sawu, mai ƙafa huɗun nan da ma'aikata ke kira Jaki. A gabansa akwai garma, wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi da ake tura ƙasa da taki da shi. Akwai kuma winci, injin da ke naɗe waya ya jawo kaya. Mutum ɗaya ke hawan Jaki. Don haka kafin hantsi babu bakin da bai ambaci Tara ba, sunan da suka laƙaba wa direban tun bara, da wincin ya cinye masa babban yatsan hagu ya bar shi da tara.

Mai-sawu ya ji labarin yana ɗaure igiyar takalminsa. Shekara talatin yana bin sawun ɓarayi da ɓatattun dabbobi a gonar nan, tun zamanin mahaifin mai gonar ta yanzu. Tara kuwa ɗansa ne, na fari, wanda ya rage masa a cikin maza. Ya kasa ƙulla igiyar sai da ya sake sau biyu.

*

Uwarɗaki, kamar yadda kowa ke kiran mai gonar, tana zaune a barandar gidanta da ke tsakiyar gonar, ko mayafin tafiya ba ta cire ba. Jiya ranar hutun ma'aikata ce, ita kuma ta kwana wurin yayarta da ba ta da lafiya, dawowarta ke nan. Mijinta, Yallaɓai, yana tsaye yana kai da komo.

"A kira 'yan sanda kawai," in ji shi. "Yaron nan tun da ya rasa yatsa yake mana kallon banza. Da kunnena na ji yana cewa gonar nan ta cinye shi. To ga shi ya rama."

"Ka gan shi jiya, Yallaɓai?" in ji Mai-sawu, yana durƙushe.

"Ina zan gan shi? Barci na yi tun azahar. Ni da rumfar babur ɗin nan, rabona da ita shekara biyu, tun yana sabo. Kuma ma wa ya ce uba ya binciki ɗansa? Wannan ai wasa da hankali ne."

Uwarɗaki ta ɗaga hannu, ya yi shiru.

"Baba Mai-sawu, ka yi wa mahaifina aiki, bai taɓa kama ka da ƙarya ba. Na ba ka zuwa la'asar. In ɗanka ne, da bakinka nake so in ji. In la'asar ta yi ba ka kawo mini wani ba, zan buga waya."

"Na gode, ranki ya daɗe."

Ya tashi gwiwoyinsa na ƙara. Godiya ya yi, amma a ransa ji ya yi kamar an miƙa masa wuƙa an ce ya zaɓi inda zai yanka a jikinsa.

*

A bakin tafki ya kori kowa baya, ya tsuguna. An yi yayyafi jiya da hantsi, ƙasa ta riƙe komai kamar an rubuta.

Abin da ya fara gani shi ne abin da yake tsoro. Sawun takalmin ruwa ne, na ƙafar dama da faci a dunduniya. Shi da kansa ya liƙa wannan facin, a ƙofar ɗakinsa, watan jiya.

Sannan ya tilasta wa idonsa ya bar takalmin ya dubi tafiyar. Tara tun yana tatata yake buɗe ƙafar hagu waje, uwarsa har tsokanarsa take wai agwagwa. Wannan sawun a miƙe yake, taku gajeru, ya nitse sosai, dunduniya tana jan ƙasa kamar ƙafa na yawo a cikin takalmin da ya yi mata yawa. Mutum ne mai jiki, mai ƙaramar ƙafa.

Numfashi ya dawo masa, amma bai daɗe ba. Wa zai yarda? Uba ya ce wannan ba tafiyar ɗansa ba ce, ai ko shi aka faɗa wa haka dariya zai yi.

Ya ci gaba da karatu. Saniyar da ƙafarta ta zo shan ruwa, ta zurma a taɓo, ta yi ta kokawa har ta gaji ta ɗora kanta a kan tudu. Babur ya zo daga baya, ya matso har garmar ta rataya a saman kanta. Mai takalmi ya sauka, ya jawo wayar da hannu, ya shiga taɓo har gwiwa ya ɗaura mata, ya koma ya hau. Ga nan inda gefen garmar ya sari tudun, tsaga ɗaya mai zurfi, daidai layin karayar wuyan. Daga nan sawun ya rikice. Ya je, ya dawo, ya sake zuwa. A gefen kan saniyar akwai rami biyu na gwiwoyi. Mutumin ya durƙusa a nan, ya daɗe.

"Ceto ya zo yi," Mai-sawu ya faɗa a hankali. "To me ya sa ka sakar mata garma, bawan Allah?"

*

Makiyayi yana tsaye nesa yana murza hula.

"Wa ya bar ƙofar shinge a buɗe?" in ji Mai-sawu.

"Wallahi Baba na rufe. To... na dai ja ta. Sakatar ce ba ta shiga sosai, na faɗa wa Bakanike ya fi sau biyar."

"Ka iya tuƙa Jaki?"

"Ni? Ko keke sai da bango nake hawa."

Ƙafarsa kuwa kamar faranti, ba ta shiga takalmin Tara ko da mai aka shafa.

Maigadi yana bakin ƙofa a kan bencinsa, ya ƙi haɗa ido.

"Na ji ƙarar babur wajen la'asar. Na hango shi can nesa, da rigar ruwan nan mai ruwan ɗorawa ta Tara."

"Fuska fa?"

"Haba Mai-sawu, da wannan idon? Matata ma sai ta yi magana nake gane ta."

"Ka ga Tara ya shigo ta nan jiya?"

"Ban gani ba. Amma shinge ai ba a rasa inda ya ɓalle." Ya sunkuyar da kai. "Ina da 'ya'ya shida, ɗan'uwa. Abin da na gani ke nan, kar ka tambaye ni wanda ban gani ba."

*

An zaunar da Tara a sito, a kan buhunan dusa, an ce kar ya fita. Da ubansa ya shigo ya miƙe, ya ɓoye hannun hagu a aljihu kamar yadda ya saba yi tun bara.

"Ina ka je jiya? Uwarka ta ce tun safe ka fita, sai magariba."

"Yawo."

"Yawo. Ɗan nan, za a ɗaure ka. Ka san me ake nufi da ɗauri? Ina ka je?"

"Kai ma ka yarda ni ne, ko Baba?"

"Ban ce ba."

"Ba ka ce ba, amma ga shi a fuskarka." Ya kawar da kai. "Neman aiki na je. Wuri uku. Na gaji da a ce Tara zo, Tara tafi, kamar ba a raɗa mini suna ba. Kamfanin yashi suka ce in ɗaga hannuwana, na ɗaga, suka ce in je za su neme ni. Na biyun ko zama ba su ba ni ba. Na ukun mutumin kirki ne, ya ba ni kuɗin mota. To in je in faɗa wa Uwarɗaki ina neman barin gonarta, kuma babu mai so na?"

Mai-sawu ya dubi ƙasa. Da ma yawon ne, da ya fi masa sauƙin ji.

"Takalminka da rigar ruwa ina kake barinsu?"

"A rumfa, kan ƙusa. Da makulli. Kowa ya sani."

"In saniya ta zurma, yaya za ka fito da ita?"

"Daga nesa mana. In ja baya taku ashirin, in sa majanyin roba a ƙirjinta, ba waya tsirara ba. Wa zai kai hancin Jaki kan kaya? Ai haka na yi na rasa wannan."

*

Bakanike yana rumfa, yana goge sifana da ba ta buƙatar gogewa. An dawo da Jaki wurinsa, an wanke garmar, amma wayar an naɗe ta a cukurkuɗe, kan wani kan wani.

"An ce ka ƙi gyara sakata."

"Af, yanzu kuma ni ne? Jiya ina asibiti wurin awon matata tun safe, ga kati in kana so. Sakata kuwa wata uku ina jiran a sayo."

Mai-sawu ya zagaya babur ɗin. Bai san inji ba, amma ya san wurin da aka taɓa. A kowane hannun babur ɗin akwai madanni ɗaya, baƙaƙe, iri ɗaya sak, rubutun jikinsu ya goge tuntuni. Kowanne an ɗaure shi da zoben ƙarfe. A gefen zoben hagu ya ga wani shati mai haske, inda fenti bai koɗe ba, kamar inda aka cire zobe daga yatsa. A dama ma haka.

"Wa ya kwance waɗannan?"

Bakanike ya leƙa waje, ya rage murya.

"Ni ne. Da can na winci yana hagu, na garma yana dama. To shi na winci dannewa ake a riƙe har kaya ya iso, da babban yatsa. Na garma kuwa taɓawa ɗaya ce, ta faɗi. Da ɗanka ya dawo daga jinya na same shi a nan yana ta fama da dungun hannu, yana dannawa yana suɓucewa, yana kuka shi kaɗai. Na ce tashi. Na kwance zobban, na zagayo da wayoyin ta bayan fitila, na mai da winci dama, garma hagu inda zai taɓa da manuniya. Aikin rabin awa."

"Ka faɗa wa mutanen gida?"

"In faɗa su ce ba zai iya aiki ba, su sallame shi? Ni da shi muka sani, sai Allah."

Mai-sawu ya ɗora babban yatsansa a kan madannin hagu, bai danna ba. Ya ga abin duka kamar yana wurin. Mutum ya ɗaure saniya, ya hau, hannunsa ya tafi inda ya saba.

"Kafin ka sauya, su wa suka taɓa hawa?"

"Ni, da ɗanka, da tsohon direba da ya rasu." Bakanike ya sake leƙa waje. "Sai kuma wanda ya yi wata biyu yana zagaya gona da shi lokacin yana sabo, yana ɗaukar hoto. Baba, don Allah kar ka ce ni na faɗa."

*

Mai-sawu ya zauna a gindin wata bishiya har inuwa ta juya. Ya san ko wane ne, amma sani ba ya ɗaure kowa. In ya buɗe baki ya ce mijinki ne, da wace hujja? Da tafiyar agwagwa? Ya yi tunanin ya hau da mutumin kan babur ya bar hannunsa ya tona shi. Sai ya tuna ramin gwiwoyin nan biyu. Wanda ya durƙusa haka a gaban abin da ya yi, ba zai sake kuskuren madanni ba har ya mutu. Jiya ya koya.

Ya maimaita wannan a ransa. Jiya ya koya. Sai ya miƙe.

*

Da la'asar kowa ya hallara a gaban rumfa. An kawo wa Uwarɗaki kujera, wayarta a cinya. Mai-sawu ya sa aka turo Jaki, aka ɗaga garma, aka jawo wayar aka maƙala ƙugiyar a wani kututture. A ƙarƙashin garmar ya kwantar da buhun dusa.

"Ranki ya daɗe, saniyarki ba da gangan aka kashe ta ba. Zurmawa ta yi, wani ya zo fito da ita, garma ta faɗa mata. Ina so in nuna yadda ya faru, amma ni ban iya abin nan ba, ɗana kuwa ana zarginsa, Bakanike ma da nasa laifin sakata. Yallaɓai, kai kaɗai ne ba ka da hannu a ciki. An ce ka iya shi da."

"Da can," in ji Yallaɓai. "Na ce maka shekara biyu ko rumfar nan ban leƙa ba."

"Shi ya sa. Ka taimaka ka jawo mana kututturen nan kawai."

Yallaɓai ya dubi matarsa. Ta ce, "Hau mana, mu gama."

Ya tattara rigarsa ya hau, babur ya nitse a ƙarƙashinsa. Aka tayar. Mai-sawu bai dubi fuskarsa ba, hannuwansa yake kallo. Babban yatsan hagu ya tashi da kansa ya nufi madanni, ya tsaya a iska. Yallaɓai ya dubi buhun. Ya janye hannun hagun gaba ɗaya ya ɗora a cinya, ya danna na dama.

Winci ya yi ƙara, waya ta miƙe, kututture ya biyo salin-alin. Buhu ko ƙwarzane.

"To, ga shi," in ji Yallaɓai yana murmushi, yana share gumi. "Sai me kuma?"

"Bakanike," in ji Mai-sawu, "shekara biyu da suka wuce, ina madannin winci yake?"

Bakanike ya dubi sama, ya dubi ƙasa. "Hagu."

"Yaushe ya koma dama?"

"Wata takwas ke nan. Saboda hannun Tara."

"Wa ka faɗa wa?"

"Babu."

Mai-sawu ya durƙusa a gaban Yallaɓai.

"Allah ya huci zuciyarka, Yallaɓai. Mutumin da rabonsa da Jaki shekara biyu, hagu zai danna, buhun nan ya fashe. Na sa buhun ina roƙon Allah ya fashe. Wa ya gaya maka an sauya?"

Injin na ta ruri shi kaɗai har Tara ya miƙa hannu ya kashe.

"Na... ai ana gani," in ji Yallaɓai. "A jiki yake."

Uwarɗaki ta tashi, ta zo ta sunkuya a kan hannun babur. Ta dubi madannin hagu, ta dubi na dama, baƙaƙe biyu babu ko ɗigon rubutu. Sannan ta dubi ƙafafun mijinta, ƙanana, a cikin takalmin fata mai sheƙi. Ta daɗe tana kallonsu.

"Sauka," ta ce masa a hankali. "Shiga gida."

Ya sauka, ya tafi, bai waiwayo ba.

Mai-sawu ya matso. Ya buɗe baki zai yi godiya, sai ta juyo. Fuskarta ba ta mai neman gafara ba ce. Fuskar mace ce da aka tsiraita gidanta a gaban ma'aikatanta.

"Ba za a kira kowa ba. Saniya kwananta ne ya ƙare. Wanda na ji maganar nan a bakinsa, a bakin aikinsa." Ta nuna Bakanike. "Kai kuma, wa ya ba ka izinin juya mini kaya a ɓoye? Da ka bar su inda masu ƙera shi suka sa, da saniyata na raye. Ka mai da su yadda suke. Yanzu, ina kallo."

"Ranki ya daɗe," in ji Mai-sawu, "yaron ba zai iya..."

"Ban kori kowa ba, Baba. Wanda zai iya tuƙa Jaki yadda aka sayo shi, aikinsa na nan."

Bakanike ya ɗauko sifana. Noti ya ƙi kamuwa, hannun babur na juyawa. Tara ne ya matso ya riƙe masa. Aka kwance zobban, aka zare wayoyin daga bayan fitila, kowane madanni ya koma kan tsohon shatinsa ya rufe shi ruf. Ko rabin awar bai kai ba.

Tara ya hau. Ya ɗora dungun hannunsa a kan madannin hagu ya danna. Waya ta motsa kamar taƙi ɗaya, hannun ya suɓuce. Ya sake. Ya gwada da manuniya, ta lanƙwashe. Ya juya hannun ya danna da gefen tafi, sai ya saki riƙon babur ɗin gaba ɗaya. Mai-sawu yana ƙirgawa bai sani ba. A na bakwai Uwarɗaki ta ɗauki mayafinta ta tafi, sauran ma suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Tara ya zare makulli ya miƙa wa Bakanike, wanda ya karɓa yana kallon wani wuri.

Sun kusa ƙofar gona shi da ubansa, sai Tara ya juyo.

"Baba, me zan ce wa Inna?"

"Ka ce mata an wanke ka. Kowa ya ga ba kai ba ne."

"To. Gobe da safe kuma fa, in ta ga ban fita ba?"

Mai-sawu ya yi ta tafiya. Maigadi ya buɗe musu ƙofa da sauri, har da yi musu barka.